Birkin Fijon Alhaji Baballe

Sammani bai gaji kanikanci ba. Mahaifinsa manomin rani ne a Bunkure, shi kuwa tun tasowarsa injin ban-ruwa ya fi ɗaukar hankalinsa a kan fartanya. Da haka ya koyi gyaran mota, ya buɗe gareji a bakin titin Kura. Cikin duk motocin da suka bi ta hannunsa, babu wadda yake ji da ita kamar farar Fijo 504 ɗin Alhaji Baballe, dillalin tumatir. Shekara ashirin da bakwai babu wanda ya taɓa kwance mata ko noti sai shi. Tun daga nesa yake gane kukanta.

A ranin bara Alhaji yana dawowa daga Kadawa ya taka birki a gangaren gada, mota ta ƙi tsayawa, sai da tayarta ɗaya ta leƙa kanal ɗin ban-ruwa. 'Yarsa Ummulkhairi, malamar asibiti, ta karɓe makullin.

"Baba, ka yi haƙuri, amma ba za ka sake hawanta ba sai an canja birkin nan gaba ɗaya."

Ta sa aka kai motar Kano wurin wani bakanike mai suna Iliyasu. Ya cire tsohon birkin baya, ya ɗora na faifai irin na motocin zamani, ya sake bututun mai duka.

Sammani bai sani ba sai a bakin Maharazu mai faci, bayan la'asar.

"Ashe motarka ta yi sabon miji a birni?"

Ya yi dariyar yaƙe, amma ranar ko tuwo bai iya ci ba. Shi da ya sha gaya wa Alhaji birkin ya tsufa, ana ce masa a lallaɓa! Kwana tara yana baza kunne ko zai ji an ce aikin ya ɓaci.

Ran na goma Alhaji ya kawo ta juyen mai, yana ta santi. "Malam Sammani, ɗan taɓa ka ji. Yaron nan Iliyasu gwani ne."

Kalmar gwani ta soke shi. Ya shiga, ya ba ta wuta har ta kai tamanin, sannan ya danne birki da ƙarfi, yana fatan ta karkace. Ta tsaya cak, a miƙe. Ya sake. Haka.

Da ya dawo ya shige ƙarƙashinta da fitila, ya bi kowane noti da sifana yana neman wanda aka bari a kwance. Bai samu ba.

"Ya ka gani?" in ji Alhaji.

"To, ba laifi," ya ce, yana goge hannu ba tare da ya ɗago ba. "Sai dai a ga damina."

Damina ta zo ta wuce, birki bai ce uffan ba. Sammani ya je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a ɓoye ya sayo faifan birki biyu, ya yi mako uku yana fama da tsohuwar akori-kurarsa har ya gano kan aikin. Yanzu ya yi wa motoci shida irin wannan aikin a Kura. Alhaji har yau shi yake kawo wa Fijon, amma Sammani bai taɓa kiran sunan Iliyasu ba. Idan zancen ya taso, sai ya ce "mutumin nan na birni", ya nemi wani abin yi.