Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayata ita ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka tun tasowarmu a Jugu ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Kunyar 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Idan tana nemanta sai ta ce "ke", idan tana ba da labarinta sai ta ce "waccan". Akwai wata mai sayar da ƙosai a unguwarmu da ta yi rashin sa'ar zama takwarar Yaya, ita ma ta rasa sunanta a wurin Inna, ta koma "mai ƙosan nan".

Yaya ta tafi Faransa karatu, ta zama masaniyar likitancin nukiliya. Yadda ta bayyana mini, wani ɗan sinadari ake sa wa mutum a jiki, na'ura ta bi haskensa ta gano inda ciwo ya ɓuya. Tana rubuta bincike a kan maƙoƙo, duk wanda ya yi amfani da aikinta kuma dole ya ambaci sunanta a nasa rubutun. Ni da nake sayar da kayan babur a Paraku na mai da wannan abin taƙamata. Nakan buɗe shafinta a waya in nuna wa masu saye yadda ambaton ke hawa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Wata rana na yi mata murna a waya, sai ta yi dariya ta ce, "Mutanen da ban taɓa gani ba suna ta kiran sunana. Ni na tsohuwar nan nake so in ji, ko sau ɗaya." Da wasa ta faɗa, amma na ji tausayinta.

Da wuyan Inna ya ɗan kumbura, Yaya ta zo gida, muka kawo ta Paraku, wani asibiti kusa da unguwar Albarika. Yaya ta ɗaura zaninta ta zauna a gefe, ta gargaɗe ni kada in ce ita wace ce. Likitan saurayi ne. Ya duba, ya ce babu abin tsoro, amma ya ja bayani har Inna ta gaji.

"Dokta," in ji Inna, "ɗiyata ma aikin ga take yi, kuma ta fi ka."

"Ah bon? Da gaske? Mi ne ne sunanta, Hajiya?"

Inna ta juyo gare ni. Yaya ta taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗaga kai ina nazarin fanka. Inna ta juya ga Yaya, ita ma ta shiga gyara ɗankwali. Likita yana jira, da murmushin wanda bai yarda ba. Wannan murmushin ne Inna ta kasa haɗiyewa, don a rayuwarta ba ta yarda a ɗauke ta mai cika baki.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kalli bango, ta faɗi sunan da sauri kamar mai shan magani mai ɗaci.

Likita ya miƙe tsaye. Ashe ya karanta aikin Yaya, har ya ambace ta a kundin kammala karatunsa. Ya shiga zuba yabo da Faransanci, bai san mai sunan na zaune gabansa ba. Yaya ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Hawaye take yi tana dariya.

"Inna, ban ji da kyau ba," in ji ta. "Ki sake."

Inna ta gyara mayafi ta miƙe. "Ke, tashi mu tafi. Na faɗa, kin ji. Sauran Turawanki su yi ta faɗa."