Shekarar da Kawu Ya Haramta Gishiri

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai wankin hula ne a Kasuwar Kwastam. Ina zaune a gidansa a Bolori ina karatu lokacin da unguwa ta yanke hukuncin cewa ya fara girman kai. Mutum zai tsaya a gefensa yana ɗaga hannu yana "wushe, wushe", Kawu ya wuce abinsa kamar hakimi. A Maiduguri kuwa ƙin amsa gaisuwa ba ƙaramin laifi ba ne. Ashe gefen ne ba ya gani.

Sai da ya yi karo da keke sannan ya yarda na kai shi asibiti. Likita ta leƙa, ta auna, ta ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama ake son ceto. Ta ce fatar nan mai haske ta gaban idon ta yi siriri, siffarta ta canza, shi ya sa awon ido da aka taɓa yi masa a baya ya yi ta nuna lafiya lau.

Kawu ya ce, "'Yata, in siffa ce ta lalace ai sana'ata ce. A jiƙa, a ɗora a gungume, a buga."

Ta yi dariya, ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce kullum ne har ƙarshen rai. Amma duk jawabin nan kalma biyu Kawu ya taho da su gida: hawan jini. Wannan cutar ya san ta, ita ta kwantar da maƙwabcinsa. A ranar ya haramta gishiri. Aka koma cin burabusko da miya lami, har mu masu ido garau. Maganin kuwa da ya ɗiga ya ji yaji, sai ya ajiye shi, ya ce abin da ke ƙona ido ba ya gyara shi. Na yi magana, matarsa Inna ta yi, ya ce a je kemis a auna jininsa. Aka auna, ya fi nawa kyau. Gori kam mun sha shi.

Bara na je gaishe shi. Na yi sallama, ya amsa da fara'a yana fuskantar bango. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda ya fi. Inna ta kawo abinci, har yanzu lami take dafa masa. Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, sannan ya lalubo kwanon ya turo mini.

"Ɗana, barbaɗa mini gishiri. Yanzu kuma me ya rage da zai ɗauka?"