Irin Kabewar Gwaggo

A kicin ɗin asibitin babu mai kiranta da sunanta, Kuku kawai ake ce mata. Shekara ashirin da takwas ke nan tana tsaye gaban manyan tukwanen ƙarfe huɗu, tana dafa wa marasa lafiya: na wannan ɗaki ba gishiri, na wancan ba mai, na waɗanda aka yi wa aiki kuma a yi shi ruwa-ruwa. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Idan ta ga ɗigon miya a kan tebur, ranar matan da ke aiki ƙarƙashinta sai sun gwammace ba su zo ba. Wanda ya gan ta cikin farar rigarta ba zai taɓa cewa a gona ta tashi ba.

A gona kuwa ta tashi, a bakin kogi. Mahaifiyarta ta rasu tana shekara huɗu, sai yayar mahaifinta, wadda mijinta ya mutu ba ta haihu ba, ta tattaro kayanta ta dawo gidan ta riƙe su, ita da yayanta namiji. Gwaggo suke ce mata. Baba yana noma masara da wake da gyaɗa, Gwaggo kuma tana da nata yanki a jikin shinge, inda take shuka kabewa.

Kabewar ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙarama ce mai dogon wuya, bayanta toka-toka, cikinta ja kamar gwaiduwar ƙwai, ga zaƙi kamar an zuba mata sukari. Gwaggo ta ce daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin. Duk shekara sai ta ware wadda ta fi kyau, ta hana kowa taɓawa, ta ƙwaƙule ’ya’yan ta shanya a faifai, ta cuɗa su da toka ta ɗura a kwalba.

Da hantsi za ta ɗora wake a tukunyar ƙasa. Sai ya fara fashewa sannan ta zuba kabewar da albasa, ta rage wuta, ta bar su su narke cikin juna. A ƙarshe ta tsiyaya man gyaɗar da ta matse da hannunta, ta barbaɗa barkono. Aikin yarinyar shi ne ta ɗauki kwanon a ka ta kai gona, zafinsa yana ratsa gammo. A ƙarƙashin mangwaro suke ci, su huɗu a kwano ɗaya. Baba yakan suɗe yatsunsa ya ce da za a kai wa likita wannan abinci, da ya rufe asibitinsa ya zo ya kama fartanya. Idan masara ta nuna, Yaya ya gasa musu a bakin kunya. Idan ya tsinci ƙwan zabi a cikin ciyawa, Gwaggo ta dafa ta ba ta biyu, shi da ya tsinto ta ba shi ɗaya, ya yi ta ƙunƙuni.

Duk da haka ita dai ba ta son gonar. Ba ta son taɓo a ƙafarta, ba ta son ƙaiƙayin ganyen masara, ba ta son wunin korar tsuntsaye. Idan an yi ruwa sai ta riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa, har Baba ya laƙaba mata ’Yar Birni, sunan ya bi ta.

“’Yar Birni, zo ki tsaya nan ki ga lokacin da nake zuba kabewar,” in ji Gwaggo.

“Gwaggo, hayaƙin nan yana shiga mini ido.”

“Ni nawa idon na katako ne? Zo nan, ja’ira.”

Sai ta zo ta tsaya nesa, tana kallon hanya.

Tana shekara goma sha tara wata ’yar’uwarsu ta samo mata aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a birni. Ranar tafiya Gwaggo ta biyo ta har bakin mota ta danƙa mata wata ’yar kwalbar magani cike da irin kabewa.

“Gwaggo, a ina zan shuka? A kan siminti?”

“Ko a bokiti ne. Duk damina ki shuka ko uku ne, ki cire sabo ki ajiye. Iri ba ya son zama, in ya daɗe mutuwa yake.”

Ta ce to, ta jefa kwalbar a ƙasan akwati.

Birni ya karɓe ta. Daga wanke-wanke ta koma yanka albasa, daga nan ta kama girki, har ta samu aikin asibiti. Ta auri wani direba mai sanyin hali, suka haifi ’ya’ya uku. Sau huɗu suna sauya gidan haya, akwatin yana binsu, kwalbar tana ciki.

Zuwanta gida na farko, tun kafin ta sha ruwa Gwaggo ta ce, “Kin shuka?”

“Na shuka.”

“Ta yi?”

“Ta yi, Gwaggo.”

Ba ta yi niyyar ƙarya ba, ta dai ga tsohuwar ta ƙura mata ido tana murmushi, kalmar ta fita da kanta. Shekara ta zagayo aka sake tambaya, ta sake faɗa. A hankali har ta fara yi wa maganar ado: bana ta hau katanga, bara maƙwabciyarta ta roƙi guda. Gwaggo ta riƙa gaya wa mutane cewa kabewarsu ta shiga birni.

Baba ya rasu, Yaya ya ci gaba da gonar. Sai wata damina kogin ya cika ya tumbatsa, ya kwashe amfanin gona, ya rushe rumbu da ɗakin Gwaggo, da kwalabenta duka. Rai dai bai salwanta ba. Yaya ya kawo tsohuwar birni ta zauna wurin Kuku kafin ya tayar da gini. A bakin ƙofa yana sauke ƙunshinta yake cewa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne irin kabewar nan.

“Kai ma da abinka,” in ji Gwaggo. “Ai akwai a wurin ’Yar Birni.”

Kuku ta karɓi ƙunshin daga hannunsa. Gwaggo ta shiga tsakar gida tana dogara sanda, ta dubi katangar gabas, ta dubi ta yamma. Siminti ne ko’ina, sai igiyar shanya da famfo.

“Bana aiki ya yi mini yawa, ban samu na shuka ba,” in ji Kuku. “Amma irin yana nan.”

Ta shiga ɗaki ta zazzage akwatin. Kwalbar tana nan, murfin ya yi tsatsa, sai da mijinta ya sa filaya ya buɗe. ’Ya’yan sun yi baƙi, ba nauyi, idan ta matsa ɗaya sai ya ruguje a yatsunta. Ta zaɓi waɗanda suka fi dama-dama, ta huda bokiti uku, ta sa aka kawo mata ƙasa da taki, ta shuka. Kullum da safe Gwaggo takan ja kujera ’yar tsugunno ta zauna gaban bokitan kamar mai jinya. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ko tsiro.

A nan Kuku ta yi abin da har yau idan ta tuna sai ta runtse ido. Ta ɗebo ’ya’yan kabewar da aka yanka a kicin ɗin asibiti, ta shanya su a ɓoye, ta tura su cikin bokitan lokacin da tsohuwar take wanka. Kwana shida suka ɓullo. Gwaggo ta yi ta murna, tana yi musu magana kamar jikoki. Amma da ganyen ya buɗe sai ta matso kusa. Ta sunkuya ta shafa shi, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo.

“Wannan ba tamu ba ce,” ta ce. “Ganyen tamu yana da farin zane.”

Kuku tana tsaye da buta a hannu.

“Tun yaushe rabonki da shuka ta?” in ji Gwaggo.

“Ban taɓa shukawa ba, Gwaggo. Tun ranar da kika ba ni.”

Ta jira faɗa, ta ma so a yi mata faɗan. Gwaggo ta goge hannunta a zani kawai.

“Da kin gaya mini tun can, ai da na ba wata. Mutum nawa suka roƙe ni, na ce na riga na ajiye a hannu mai kyau.”

Daga ranar ba ta sake zama gaban bokitan ba.

Wata bakwai ta yi a gidan. Kafin ta koma, Kuku ta durƙusa ta roƙe ta ta koya mata dafa waken nan da kabewa, ita da take ciyar da mutum ɗari biyu a rana. Suka hura gawayi a tsakar gida, aka sayo kabewar kasuwa. Gwaggo tana zaune tana cewa rage wuta, jira tukuna, yanzu zuba. Wani abin ma ta ce ya kwanta mata. Yara suka cinye har suna rigima a kan ƙanzo. Gwaggo kuwa cokali biyu ta yi ta ture kwanon, ta ce, “Ba laifi, hannunki yana da kyau.”

Ta koma sabon ɗakin da Yaya ya gina mata, damina ta gaba ta rasu.

Yaya ya zaga ƙauyukan bakin kogin a kan kekensa yana tambaya. Waɗanda suka taɓa cin kabewar sun tuna da ita sarai, amma ci suka yi, babu wanda ya ajiye iri. Yanzu albasa yake nomawa da injin ban ruwa, kuma bai taɓa tayar wa ƙanwarsa da maganar ba, ko da wasa. Ita kuwa idan ta ga masu jinya da alamar daga ƙauye suka zo, takan tsaya da keken abincinta ta kwatanta musu: ƙarama, mai dogon wuya, bayanta toka-toka. Wata mata ta taɓa cewa kamar ta santa, har ta aiko mata da guda bayan an sallami mijinta. Kuku ta yanka ta tun a tsaye, ba ta ko cire mayafi ba. Cikin fari-fari ne, ba ita ba ce. Ta dafa wa yara, ta aika wa matar da godiya.