Bari In Kai Ƙarshen Layi

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu haihuwa na asibitin nan ya san Mai Kibiya, ya kuma san amsarta. Ka kira ta lokacin hutu, ko kai wane ne, abin da za ka ji ke nan: "Bari in kai ƙarshen layi." Sai ta kai ɗin, ta soke kibiyoyin saƙarta cikin dunƙulen ulu, sannan ta ɗago kai. Kukan mai naƙuda ne kaɗai yake sa ta yar da layi a tsakiya.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana goge daɓe, tana canza zanen gado, tana tura keken masu jego a doguwar barandar da ta raba ɗakin haihuwa da ɗakin kwanciya. Saƙar kuwa ta girmi aikin. Tun tana 'yar shekara tara gwaggonta ta damƙa mata kibiya don ta daina cizon farce; farcen ya huta, hannun bai sake hutawa ba. Hulunan jarirai take saƙawa, ƙanana kamar rabin lemo, ta cusa a aljihun rigar aiki, duk jaririn da za a bi da shi ta barandar nan sai ta ɗora masa ɗaya.

Tana da shekara arba'in da bakwai ta shiga makarantar ƙarshen mako ta mataimakan ma'aikatan jinya. Mijinta bakanike ne, mutum mai son ba da shawarar da ba a nema ba.

"Taura biyu ba ta taunuwa," in ji shi, "ke kuwa uku kika cusa: aiki, karatu, saƙa."

"Da haƙoranka zan tauna?" in ji ta.

Bakin ne kawai. A zangon farko ta bi maganar mutane, ta kulle ulu a akwati, ta zauna da littafi hannu a naɗe kamar baƙuwa. Ta karanta shafi sau uku, ko kalma ba ta zauna ba, sai gyangyaɗi. Jarrabawa biyu ta faɗi. Ranar da sakamako ya fito ba ta yi wa kowa kuka ba, akwatin ta buɗe. Daga nan littafi a jingine jikin bokiti a ɗakin ajiyar tsintsiya, waya ta danne shafi, ido a kan rubutu, hannu yana aikinsa. Haka kanta yake, sai yatsu suna motsi yake buɗewa, kuma ba ta ga dalilin ba wa kowa haƙuri a kai ba.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi dogon rubutu a kan abin da ya lura da shi a wurin aiki. Ita ta zaɓi barandarta: yadda jariri ke yin sanyi tsakanin ɗakin nan da wancan. Sai dai mai riƙe da kibiya biyu ba ta da hannun riƙe biro. Ga dabarar da ta yi: ta shirya jimla a ka tana saƙa, ta juya ta, ta gyara, in ta kai ƙarshen layi ta zaro fensir daga ɗankwali ta rubuta a bayan siririyar takardar nan da ake ɗaure dunƙulen ulu da ita. A mota, a layin ɗibar magani, a bakin murhu. Ta sa wa kowace takarda lamba, ta jefa a jaka. 'Yarta ta fari, mai aikin buga takardu a wani ofis, ita ta buga mata a kwamfuta.

Nan aka sami matsala. Malamin da ke duba rubutun, sa'an ɗanta na biyu, ya karanta ya ce wannan ba hannun mai goge daɓe ba ne. Kusan shekara uku yana ganinta a kujerar baya da ulu a cinya, bai taɓa ganinta da littafin rubutu ba. Ya ce 'yar ce ta rubuta. Aka kira ta gaban kwamiti, in ya tabbata kora ce, shekara uku ta tafi a banza.

Faɗuwa ba ta taɓa ba ta kunya ba, amma a kira ta ɓarauniya da furfura a ka, wannan ya ƙona mata rai ƙwarai. 'Yar ta ce, "Mama, bari in bi ki in rantse musu."

"Yi zamanki. Ba ke aka zarga ba."

Da safe ta shiga ɗakin kwamitin. Dogon tebur, fanka tana ƙara, mutum uku: shugabar makaranta, malamin, da wata tsohuwar ungozoma mai tabarau. Malamin ya ce ta bar jakarta a waje. Ta zauna, ta ɗora jakar a cinya.

Shugaba ta buɗe rubutun ta tambaye ta me ya sa ta ƙirga jariran safiya daban da na rana. Mai Kibiya ta buɗe baki, babu komai. Ta san amsar kamar sunanta, amma hannayenta suna kwance a kan jaka, kanta kuma ya rufe ruf. Ta ga malamin ya ɗan murmusa yana juya biro.

Murmushin nan ne ya taimake ta. Ta zuge jaka, ta zaro wata hula ruwan goro da ta kai rabi.

"Mama, nan ba wurin saƙa ba ne," in ji malamin.

"Na sani, Malam. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun ce kuna son ganin wadda ta yi rubutun, to ga yadda take."

Kibiyoyi suka fara ƙas-ƙas, magana ta ɓalle. Ta ce da safe ake buɗe tagogin baranda don daɓe ya bushe, ita ce mai buɗewa, don haka ta san lokacin da iska take ratsawa. Ta faɗi taku nawa ne daga ƙofa zuwa ƙofa, da inda keke yake tsayawa in an yi karo da masu kawo abinci. Tsohuwar ungozoma ta cire tabarau tana kallonta.

"Hadda ce," in ji malamin, amma muryar ta yi ƙasa. "Kowa yana iya haddace aikin wani."

Ta ɗaga jakar ta zazzage a kan tebur. Takardun ulu sama da ɗari biyu suka watse, wasu da tabon mai, wasu da jirwayen ruwan wanke daɓe, kowace da rubutun fensir a bayanta.

"Ranki ya daɗe, buɗe shafin da kika ga dama."

Shugaba ta buɗe na goma sha huɗu. Mai Kibiya ta ce ta nemi lamba tamanin da ɗaya, ta shuɗin ulu. Aka tono ta. Ga jimlar nan, an soke ta sau biyu, ta ukun ita ce a shafin. Aka gwada wani shafi, aka sake gwada wani. Ungozoma ta tura wa malamin takardun gabansa. Ya daɗe yana jujjuya ɗaya, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama."

"Ba haƙuri na zo karɓa ba, Malam. A rubuta cewa nawa ne."

Shugaba ta rubuta da hannunta, ta buga hatimi, ta turo takardar da biro. "Sa hannu a nan."

Mai Kibiya ta dubi takardar da za ta ceci wahalarta ta shekara uku, ta dubi hular. Saura kaɗan layin ya ƙare.

"Bari in kai ƙarshen layi," in ji ta.

Su ukun suka zauna suka jira.