Gonar Gishirin Jatru

A shekarar 1897, shekarar da yunwa ta koro mutanenmu daga duwatsun Ranci, Jatru Kujur ya fara haɗuwa da Kalimuddi mai jirgi, kuma da faɗa suka soma. Jatru bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ana tsakiyar kogi ya miƙe tsaye da gatari a kafaɗa, jirgi ya karkata.

"Zauna, ɗan dutse! Nan ba gonar ubanka ba ce," in ji Kalimuddi.

"Ka sake ambaton ubana, kifi ya ci gemun nan naka."

Kalimuddi ne ya sauke su a tsibirin Nonakali, su 'yan gidaje kaɗan. Mai gandun da ya mallaki tsibirin yana Kalkata, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Wakilinsa kawai aka sani, ana kiransa Na'ibi. Sharaɗin da ya gindaya a fili yake. Su sare kurmi, su kewaye tsibirin da ganuwar laka don tare ruwan gishiri, kowa ya riƙe abin da ya share. Amma duk gonar da ya zagayo da kaka ya tarar babu shinkafa a tsaye, ta koma hannun mai gandu.

Suka yi saran. Zazzaɓi ya ɗauki na ɗauka, damisa ta ɗauki Somra, wan Jatru, ya bar matarsa Etwari da yara biyu ƙanana. Gonar da Somra ya share tana kwari, jikin ganuwa. Ta Jatru tana kan ɗan tudu a tsakiyar tsibirin.

A shekara ta uku damina ta makara. Irin da aka yafa don dashe ya fara ƙonewa, ga kogi cike a bayan ganuwa. A duwatsunmu, idan haka ta faru, mutum yakan buɗe wa rafi hanya da fartanya, in gona ta sha ya toshe da ƙafa. Jatru ya ɗanɗana ruwan kogin da safe, lokacin da ya ɗan janye, ya ji gishirinsa ya yi sauƙi, don an yi ruwa can arewa. Sai ya ɗauki fartanya ya tsaga ganuwa, faɗin tafin hannu, daidai gonar Etwari.

Na'ibi yana zaune a jirginsa a bakin gaɓa, yana zuƙar taba. A kan idonsa aka yi. Haifaffen ƙasar ne, ya san ranar sabon wata ce, ranar da teku ke turo kogi baya da dukan ƙarfinta. Kalma ɗaya ta isa. Bai furta ba, domin sharariyar gona ta fi kurmi daraja, kuma akwai masu jiran ta da kuɗin rupi a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau idan dattawanmu suka zo nan a labarin, sai sun tofar da yawu.

Kafin la'asar ruwa ya ciko. Tsagar tafin hannu ta zama ƙofar da bijimi zai wuce. Maza da mata suka yi ta jibga laka da rassa har aka toshe, amma gonar Etwari ta riga ta sha. Da ta bushe sai ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa.

Etwari ta sami Jatru a gaban jama'a, da yaranta riƙe da zaninta.

"Ƙanin miji, ka kyauta! Damisa ta ci wanka, kai kuma ka cinye 'ya'yansa. Gishiri zan dafa musu?"

Jatru, wanda ba a taɓa gaya masa ɗaya bai mayar da biyu ba, ya sunkuyar da kai. Da Kalimuddi ya zo da kananzir da tukwane, sai Jatru ya ja shi gefe.

"Gemu, yaushe ƙasar nan za ta warke?"

"Sai damina uku ta wanke ta. Wane jaki ne ya tsaga ganuwa ranar sabon wata?"

"Ga shi a gabanka. Wancan mai tabar kuwa yana kallo."

"To me ka zata zai yi? Ya yi maka wa'azi?"

Jatru ya san Etwari. Ko ita da yaranta za su ci ciyawa, ba za ta karɓi sadaka daga hannun da ya kashe mata gona ba. Saboda haka ranar da dattawa suka zauna, ya zo yana huci kamar wanda aka cuta.

"Gonar nan wana ne ya share ta, ni ne magajinta! Tana bakin ruwa, nan nake so in kafa matsayar jirage in yi ciniki. Mace me ta sani a harkar gaɓa? Ta tattara ta koma tawa ta tudu, ta ba ni wuri."

Wuri ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Jatru, ba ka da kunya? Ka ɓata, kuma ka ƙwace?" Etwari ta zage shi tas, ta ce Allah ya sa gaɓar ta zame masa kabari. Amma al'adarmu ta ba ƙanin mamaci iko a kan gonar wansa, dattawa suka yanke yadda ya so. Etwari ta koma tudu tana kuka, ta yi dashe da irin da maƙwabta suka tara mata, damina kuwa ta sauka.

Da kaka Na'ibi ya zagayo da laimarsa. Ya nufi kwari kai tsaye, yana neman Etwari, sai ya tarar da Jatru tsaye a tsakiyar farar ƙasa, ko tsinke babu.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce. Ai ka ga lokacin da na shayar da ita. Ɗauki, Allah ya sa ka ci da gishirinta."

Ya ɗauka. Bayan damina uku aka ba wani baƙo daga Medinifur, ta yi shinkafa har tana kwanciya.

Jatru bai sake mallakar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Ya shiga jirgin Kalimuddi ya koyi tuƙi, da girmansa, yana shan zagi yana ramawa. Suka yi ta kai shinkafa da zuma da busasshen kifi kasuwar Kanin, suna dawowa da yadi da mai da ƙarfen garma. Mutumin da ya zo bai san ruwa na komawa baya ba, ya zama in ya dubi wata sai ya gaya maka lokacin kwance jirgi. Duk sanda suka gifta jirgin Na'ibi, sai ya ɗaga filafili ya yi masa daƙuwa da ɗaya hannun.

Wani lokaci idan sun zo daidai kwarin, Kalimuddi yakan ce, "Ɗan dutse, ina matsayar jiragen taka?"

"Tuƙa, Gemu, ka rufe min baki."

Jatru ya rasu a 1931, a bukkarsa ta kan ganuwa. A tsibirin, da yawa sun tafi kabari suna kiransa maci gonar marayu, bai kuwa taɓa gyara musu ba. Yaran Somra a gonar tudu suka girma, har yau tana hannun jikokin Somra. Etwari ta yi shekaru ba ta gaishe shi. Daga baya, duk kaka takan aiko da buhunanta jirginsu, su yi ta ciniki a kan kuɗin dako, ita tana cewa ɓarawo, shi yana cewa marowaciya. Ko sau ɗaya bai taka gonar tudun nan ba, bai kuma tambayi buhu nawa ta yi ba.