Kujera Mai Lamba Biyu: Tunawa da Malam Yahuza Direba

Ni na koya wa Yahuza tuƙi. Shekara da shekaru ina faɗin wannan magana a Tudun Wada, a majalisa da bakin masallaci da wurin mai faci, kuma har yau ba wanda ya taɓa cewa, "Gaskiya ne, Malam Bawa." Sai dai a yi murmushi a ce ai Dogo akwai hannu, don Dogo ake ce masa. To hannun a ina ya samo shi? Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Ranar Talata da hantsi ina zuba wa akori-kura ruwa a lagireto, sai ga Alhaji Ƙarami ya tako da ƙafa. Tunda mahaifinsa ya rasu ya gaje mu, mu direbobin gidan biyu, ban taɓa ganinsa a gareji ba mota ba. Ya ce, "Baba Bawa, sai haƙuri. Baba Yahuza ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Kullum ina cewa gobe zan je.

Yaron motata ne tun ina jan roka, babbar motar kaya, ina ɗauko wa marigayi Alhaji hatsi daga ƙauyuka. Dogo ne siriri, ni kuwa gajere, sai na zauna a kan matashi nake hango gaban mota. Ranar da na fara ba shi sitiyari na ce masa, "Sitiyari magana yake yi, da tafin hannu ake saurarensa. Rami, yashi, tayar da iska ta ragu, duk zai gaya maka." Ya riƙe wannan. Har gemunsa ya yi fari bai daina kirana Maigida ba, kuma bai taɓa shiga gabana a sahu ko a ƙofa ba.

Zan faɗi alherinsa, don ranar faɗinsa ce. Da damina in ya iso kududdufi akwai mutane a gefe, sai ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ce, "Mai tafiya a ƙasa shi ma hanyarsa ce." Ba ya yi wa tsoho ham. In ɗan acaɓa ya zage shi, sai ya ce, "Allah Ya kai ka lafiya, ka fi ni sauri." Tsofaffin matan Gyallesu sun san shi, don ba ya wuce mai kaya a ka in da wuri a mota. Ni ma ina rage gudu a kududdufi. Ni dai ba wanda ya taɓa gani.

Shekara biyu da suka wuce Alhaji Ƙarami ya sayo jif mai lantarki, wadda ba ta shan mai, sai caji kamar waya. Ni aka fara ba makulli, don ni ne babba. Na ɗora matashina, muka nufi Kwangila, Alhaji Ƙarami a gefena, Yahuza a baya. Mota ba ƙara, ba girgiza, ba ka sanin ta tashi. Na ɗaga ƙafa daga totur sai ta riƙe kanta kamar an ja ta da igiya. Ƙafata ta hagu ta tafi neman kuloci ta samu birki, hular Alhaji Ƙarami ta faɗo cinyarsa. Sitiyarin kuwa sakwaf, kamar kana juya faranti a cikin ruwa. Hannun da ya saba kokawa da roka ya murɗa shi da ƙarfi a kwana, saura kaɗan na shafi mai keke.

Na tsaya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba mota ba ce, firji ne aka sa wa taya. Sitiyarin bebe ne."

Alhaji Ƙarami ya ce, "To Baba Yahuza, ko za ka gwada firjin?"

Ya dawo da mu gida da 'yan yatsu uku a kan sitiyari. Makulli bai ƙara dawowa hannuna ba har ya rasu.

Tun daga ranar nake kallo. Kowace safiya in ga ya zare wayar caji, ya shiga, ya rufe ƙofa, sanyi na busa shi, kujera ta rungume masa baya. Ni in hau akori-kura in yi ta fama da sitiyarin da ya cinye mini kafaɗar dama, har ba na iya ɗaga buta da ita. Wanda ya fi buƙatar kujera mai laushi a gidan nan ni ne. Da yake motar ba ta da ƙara, mutane ba sa jin zuwanta a lungu, sai ya riƙa sauke gilashi yana yin sallama maimakon ham. Nan ma aka samu abin yabo. Har a masallaci na ji ana cewa motar Dogo sallama take yi.

Sau nawa ya ce, "Maigida, zo ka zauna kawai, akwai abin da zan nuna maka." Ni kuwa in ce, "Na ga abin da ka nuna mini a hanyar Kwangila, ya isa." Wata rana na same shi a cikin akori-kurata da igiya a hannu, yana miƙa ta daga kujera zuwa birki yana ƙullawa. Na ce, "Ita ma so kake ka karɓe?" Ya yi dariya ya ce, "Maigida, kai ka fi ni hannu, ni na fi ka haƙuri." Na ce ya fita. Daga nan gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni bakina bai buɗe ba. Ina faɗa ne don a sani.

Ranar sadakar uku Alhaji Ƙarami ya miƙo mini makullin ya ce in kai dangin marigayi tasha a Kwangila. Ba yadda zan yi. Na shiga, kujera tana can baya yadda Dogo ya bar ta, ƙafata ko birki ba ta kaiwa, matashina kuma yana gareji. A jikin ƙofa akwai madanni biyu. Karatu ne ban iya ba, lamba na sani. Na danna ɗaya, ba abin da ya motsa. Na danna biyu.

Kujera ta taso gaba a hankali, ta ɗaga ni, ta tsaya daidai inda ƙafata ke sauka a kan birki. Bayanta ya turo ya tokare mini inda yake ciwo. Madubai suka sunkuyo. Sitiyari ya sauko inda kafaɗata ba sai ta ɗaga ba. Da na hau titi kuwa, sai na ji nauyi a hannuna. Ba irin na roka ba, amma akwai shi. Na hau gargada na ji ta a tafin hannu. Sitiyarin ya yi magana. Ƙanen marigayi da ke gefena ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce iskar motar ce ke shigar mini ido.

Da na dawo na tambayi Alhaji Ƙarami wa ya sa a yi haka. Ya ce, "Baba, a bari a share makoki tukuna." Na je wurin Malama Rabi, matar marigayi, tana takaba, muka yi magana ta bayan labule. Ta ce ita dai ta san akwai wata igiya mai ƙulli uku da ya hana a yi shanya da ita, kuma ya kan ce, "Kafaɗar Maigida ta fi tawa buƙatar motar nan." Na ce, "A asibiti fa, ya ambace ni?" Sai ta fashe da kuka, aka ce in tafi.

Ko a nan ma ya fi ni. Ni na koya masa jin sitiyari, shi ya je ya lallaɓa bebe har ya yi magana, ya ajiye mini, ya tafi ya bar ni da kunya. Ya rasu ana yabonsa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk yabon gaskiya ne.

Allah Ya jiƙan Malam Yahuza, Ya yalwata masa kabarinsa yadda dogayen ƙafafun nan za su miƙe. Allah Ya sa sallamar da ya yi ta yi wa bayinSa a lungunan Tudun Wada ta tarbe shi. Allah Ya ba Malama Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya rufa musu asiri, Ya sa albarka a bayansa. Abin da ban faɗa a gaban liman ba, ga shi a rubuce: na yafe, in ma akwai abin yafewa.

Saura nawa laifin. Kwana huɗu yana kwance, mutane na shiga suna fita. Alhaji Ƙarami, kana wurin. Malama Rabi, kina wurin. Liman, an ce kai ka yi masa addu'a ta ƙarshe. Ba na son a ce mini ai Dogo ba ya riƙo, wannan na sani tun kafin a haifi wasunku. Abin da ya fito daga bakinsa nake tambaya. Ya ce ya yafe wa Bawa, ko bai ce ba? Makullin yana aljihuna, kuma ba zan sake zama a kujerar nan ba sai ɗayanku ya zo ya amsa mini.