Goron da Aka Ci a Gaban Talabijin

A shekarun da na fara zama a Barking, idan ɗan wani cikinmu zai buga wa kwalejinsu ƙwallo, ba a tambayar wa zai je, sai dai a tambayi wa zai ɗauki wa a mota. Yanzu nakan bi ta gefen filin a bas, in hango samari suna ta gudu, a bakin layi kuwa daga koci sai jakunkunansu. Mutanenmu suna cewa sanyi ne, ko aiki ya yi yawa. Ƙarya ce. Sanyin London bai ƙaru ba tun zuwana, kuma mu da muke tsayuwa a da, yawancinmu aiki biyu muke yi.

Kafin in zauna a nan ina aikin tafinta a asibitoci da kotuna, na ga ƙwallo a wurare da dama. A Khartum na ga dattawa a kan katanga da tsakar rana saboda wasan 'yan sakandare. A Abidjan masu soya ayaba har fili suke bin 'yan makaranta da kaskonsu. Turawan Ingila kuwa wasan kwaleji ba ya gabansu, in ka ga mutum uku da kare to an yi taro. Manyan filayensu a shekarun tamanin ba wurin zuwan baƙar fata ba ne. Sau ɗaya na je, aka tofa mini yawu a bayan kwat, ban sake ba.

Shi ya sa filin wata kwalejin koyon sana'a a bayan Stratford ya zama namu. Ɗalibai daga Arewa suna buga mata, 'ya'yan mutanen Gana ma haka. Ranar Lahadi mukan cika gefe guda, mata su aiko da shayi a fulas da ƙosai a kula, in la'asar ta yi mu shimfiɗa kwali a ƙarƙashin bishiya mu yi salla. Jagoranmu wani direban tasi ne, mutumin zangon Kumasi, kowa Alhaji yake ce masa. Da gangarsa yake zuwa, kuma kowane yaro da kirarin da ya ƙirƙira masa. Shekara goma sha muna tare, ba sunan da aka yi a gidansa ban je ba.

Shi ne kuma ya fara kashe abin. A farkon shekarun casa'in ya kafa dish a bangon gidansa, faifan nan mai kamo manyan wasanni kai tsaye. Sai Lahadi ta koma falonsa. Kwalejin ma ta taimaka masa, domin an kawo sabon mai kula da fili, wani jan Bature mai ɗaure fuska, ya ce ganga tana damun maƙwabta. Alhaji ya samu abin fakewa. A bakin fili mutum arba'in suka koma ashirin, ashirin suka koma ni da duk wanda matarsa ta koro daga gida.

A wannan lokacin ne ɗana na fari ya shiga kwalejin, yana buga musu baya. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, har na gaji da faɗa na ƙyale shi. A shekararsa ta ƙarshe suka kai wasan ƙarshe na kofin kwalejojin yankin. Muna cin abinci ya ɗago kai ya ce, da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙaya, "Baba, su Kawu za su zo?" Haka yake kiran su Alhaji da sauran abokaina.

Na daɗe ban ji cikakkiyar jimla irin wannan a bakinsa ba. Na ce, "Za su zo. Ni na gaya maka."

Ban yarda in yi waya ba, don na san waya ba ta ɗaure mutum. Na tafi Deptford, shagon wata mata da ke kawo kaya daga gida, na sayi farin goro mai kyau. Kwana uku ina bin gidaje bayan na tashi aiki, ina rabawa kamar yadda ake rabon goron suna. Duk inda na zauna a duniya, daga Kano har Kumasi, wanda ya karɓi goron gayya ya san ƙafarsa aka nema. Ba wanda ya ƙi karɓa. Alhaji hannu biyu ya sa.

"Malam, ɗanka ai ɗana ne," in ji shi. "Ganga ma zai zo. In Bature ya hana, mu buga shi a titi."

Ranar wasan muka isa ni da matata tun ƙarfe biyu, da fulas uku da ƙosan mutum talatin. Aka fara ƙarfe uku. Duk lokacin da ƙwallo ta fita, sai in ga yaron ya waiwaya ƙofar fili. Da aka tafi hutu ya zo ya karɓi shayi, ya dubi kular da ba a buɗe ba, ya koma fili. Suka ci wasan da ɗaya. Da aka miƙa musu ɗan kofin, uwarsa ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, Turawan da ke wurin suka juyo, ta katse ta a tsakiya ta rufe baki da mayafi.

Na sa shi da uwarsa a tasi, ni kuma na rungumi kular ƙosai na nufi gidan Alhaji. Tun daga bakin ƙofa na gane takalman, ba wanda ban je gidansa ba. Falon ya cika har ƙasa, labule a sauke. A kan tebur, gaban talabijin, ga faranti, ga gorona a ciki an farfasa shi.

"A'a, Malam! Bismilla, shigo. Yaya aka tashi?" Alhaji ne ke tambaya, idonsa bai bar akwatin ba.

"Sun ci."

"Madalla! Ka ɗauko mana a bidiyo?"

Wani ƙaramin likita, wanda ni na tarbo shi a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan, ya ce, "Baba, gaskiya nan ya fi. A nan sai a maimaita maka ƙwallo sau uku. A can in ka yi atishawa shi ke nan, ta wuce ka."

Na ajiye kular, na je na tsaya a gaban talabijin.

"Kai, Malam, matsa! Fenariti ne!"

"Cikin waɗannan da kuke wa ihu, wa ya san sunan ubanku?" na ce. "Wa zai ɗauki makararku? Yaron da kuka ci naman sunansa yana can yana leƙen ƙofa, ku kuna nan kuna tauna gorona."

"To ubansa ai ya je," wani ya faɗa daga baya, aka yi dariya.

Alhaji ya miƙe. "Malam, kada ka zage mu a gidana. Shekara nawa na yi ina daskarewa da ganga a hannu? Gwiwana ya gaji. Wasan yara ne fa, ba jana'iza ba."

"Da ka faɗi haka ranar da na kawo goro."

"Goro kuma? Goro ai ci ake yi."

Sai na yi abin da ban taɓa ganin an yi ba a duk yawona. Na ɗauki farantin na juye sauran goron a aljihun kwat ɗina. Alhaji ya ce, "Ka karɓe kyauta a gabana? To je ka da shi." Na fita na bar musu ƙosan, ya huce, su ci in sun ga dama.

A gida na tarar da kofin bai zo ba, kwaleji ta riƙe abinta. Yaron yana wanke takalmansa a baho. Na fara kame-kame, wai wani ba shi da lafiya, wai hanya ta cushe. Ya ce da Turanci in bari, ya san inda suke, kuma don Allah kada in sake roƙon kowa saboda shi.

Ban sake ba. Ni da Alhaji muka koma gaisuwar masallaci, ita ma daga nesa. Da 'yarsa ta haihu ya aiko mini da goro, na ce wa ɗan aiken ya mayar, ba zan karɓi abin da ba zan cika ba. Wasu suna cewa na yi tsanani, wai zamani ne ya juya, ba laifin kowa ba ne. Zamani bai karɓi goro a hannuna ba, mutane ne suka karɓa.

Daga wannan Lahadin ba a sake taruwa a bakin filin nan ba, kuma ɗana bai sake tambayata su Kawu ba, da Hausa ko da Turanci.